Doya a Rumbun Gero

Unguwar Sarkin Dawaki,
Jalingo.

Zuwa ga 'yata Zainabu, wadda nake kira Ummi saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Zariya lafiya, Ya sa gajiyar hanya ta bi lafiya, Ya tsare ki a gidan Goggonki Hajara, inda za ki sake shirin jarrabawa, kamar yadda Ya tsare ki a ɗakin mahaifiyarki. Na sa wannan takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin littattafai, domin ki same ta ranar da kika fara kwance kaya. Na san akwai waya. Amma a waya "To Baba, to Baba" kike ce mini, hankalinki yana wani wuri. Tun da kuwa a kan karatun rubutu za a gwada ki, gara ki fara da nawa.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, domin ba ki daɗe da barinsa ba. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma kin san ta, saboda ranar da aka yi ta a zauren Baffanki Ɗanlami kina bayan labule. Na ga ƙafarki.

Duk da haka zan maimaita ta yadda aka yi, don kada ki riƙe rabi. Bayan sakamakon jarrabawarki ya fito, aka ga takardar harshe da ta adabi sun hana ki shiga jami'a, Baffanki ya tara mu. Ya ce, "Haladu, yarinyar nan ta gwada ta faɗi. Akwai wata makaranta can cikin ƙauye, ba sai na kama suna ba, amsa a allo ake rubuta musu. Ka ba ni ita in yi mata rajista a can, mu huta."

Na ce, "Yaya, ba zan bayar ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Kai da wa? Kai ɗin da ka faɗi taka? Kai ai ƙaramin littafin bakin kasuwa ne mai tafiya da ƙafa biyu. Ka cika wa yarinya kai da haddar banza, ga ta nan ta gaje ka."

Ni mutum ne da ba ya ɗaga murya a gaban yayansa, kin sani. Ranar ma ban ɗaga ba. Na ce masa, a gaban kowa, "Ummi za ta koma ta zauna inda kowa yake zama, ta karanta da idonta, ta amsa da kanta. Idan ta sake faɗuwa, ƙannenta ka kai su duk inda ka ga dama, ba zan ce uffan ba." Na faɗa, ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Mahaifiyarki ta ce na yi gaggawa. Wataƙila. Amma ki sani cewa hanyar da ƙannenki za su bi tana jiran abin da za ki yi a ɗakin jarrabawar nan. Ban faɗa miki don in ɗora miki kaya ba. Na faɗa ne domin ban saba ɓoye miki nauyin abu ba.

Abin da Baffanki ya ce game da ni, ban musa ba. Ajin ƙarshe na sakandare ne iyakata. Duk abin da na sani bayan nan, daga ƙananan littattafan nan ne masu siririyar takarda da ake bazawa a kan buhu a bakin Kasuwar Jalingo, waɗanda yara suke kira ki-foyin. Su ne malamaina, ba kuma na jin kunyarsu. Haka nan gaskiya ne na faɗi tawa jarrabawar. Abin da bai sani ba shi ne yadda aka yi na faɗi, domin bai taɓa tambaya ba. Ke zan gaya miki, saboda ramin da na faɗa shi ne kika faɗa bara.

A takardar Hausa, sashen auna fahimta, aka ba mu labarin wani manomi, Malam Tanko. Damina ta yi masa kyau, ya haƙe doyarsa, ya zuba ta a rumbu, ya liƙe bakin rumbun da laka, ya koma gindin bishiya ya zauna hankali kwance. Tambayar farko ta ce: me ya sa hankalin Malam Tanko ya kwanta?

Ummi, ni ɗan mai fataucin doya ne. Tun ban kai tsayin buhu ba nake bin kakanki ƙauyukan Mumuye wajen Zing da Yorro. Na san doya iska take so da inuwa. Na ga yadda manoman can suke jera ta a rumfa, ba sa bari ta taɓa danshi, suna zagawa suna karye tsiron da ya fito, suna ware wadda ta ji ciwo. Wanda ya rubuta labarin nan, ina kyautata zaton gero kaɗai ya taɓa gani an adana. Sai jinina ya hau. Na rubuta cewa bai kamata hankalin Malam Tanko ya kwanta ba, domin doyarsa ruɓewa za ta yi. Na kawo dalili. Na bayyana yadda ake kafa rumfa, da irin ciyawar da ake rufa ta da ita. Na cika shafi, na juya baya, ina jin daɗi kamar mai wa'azi. Ina cikin bayanin ɓeraye sai na ji mai gadin jarrabawa ya ce, "A ajiye biro." Sauran tambayoyin ko kallonsu ban yi ba.

Amsar kuwa layi ɗaya ce, tana kwance a cikin labarin: domin ya cika rumbunsa.

Ki ji ni da kyau. Har gobe ina nan a kan bakana, doyar Malam Tanko ta ruɓe. Ko a gaban wanda ya rubuta labarin zan faɗa. Amma ba wanda ya tambaye ni yadda ake adana doya. An tambaye ni abin da labarin ya ce, ni kuwa na amsa da abin da na sani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a gidanmu an koya mini maganin wannan tun ina ƙarami, ban gane shi ba ne da na gan shi a takarda. Kakanki, Allah Ya jiƙansa, yana da wata ɗabi'a idan zai aiki mutum. Zai faɗi saƙo sau ɗaya, sannan ya ce, "Maimaita." Sai ka maimaita. Idan ka sauya kalma, ya ce, "Ni ban ce haka ba. Sake." Idan ka dawo da amsa, ba za ka zauna ba sai ka faɗe ta yadda aka ba ka. Ka ce, "Ya ce zai zo, amma ni dai na ga alamar ba zai zo ba," sai ya daka maka tsawa: "Bakinsa na aike ka ka ɗauko ko naka? Faɗi nasa tukuna. Idan ina son naka zan tambaya." Wani lokaci kuwa yakan tambaya. Bayan ka sauke saƙo tsaf, sai ya gyara zama ya ce, "To, kai me ka gani?" A nan ne kake da izinin faɗin ra'ayinka.

Duk ƙauyukan nan an san ni da iya kai saƙo. Dattawan Mumuye, waɗanda Hausarsu da tamu sai an bi a hankali, sukan ce a turo musu Haladu domin ba ya ƙari ba ya ragi. Ga shi na shiga ɗakin jarrabawa, wani marubuci ya ba ni saƙo, mai tambaya ya ce "Maimaita," ni kuwa na tsaya gyara wa mai saƙo saƙonsa.

To ga nasihata ta farko, kuma ita ce babba. Idan aka ajiye miki rubutu a gaba, ki ɗauka an aike ki ne. Ki karanta shi sau ɗaya don ki ji inda ya dosa, ki karanta tambayoyin, sannan ki koma masa a hankali. Kowace amsa da za ki bayar, ki ɗora yatsa a kan layin da ta fito. Idan yatsanki bai sami wurin sauka ba, amsar daga kanki ta fito, ki ajiye ta. A tambayoyin zaɓi kuwa ki yi hattara ƙwarai, domin masu shirya su sun san irinmu. Sukan sa amsa ɗaya wadda gaskiya ce a duniya amma babu ita a rubutun, su ajiye ta a gefen hanya su jira mai ilimi ya zo ya ɗauka. Jahili ba ya faɗawa wannan tarkon. Mu muke faɗawa.

Na ce mu, domin ban manta ranar da kika dawo daga takardar Turanci bara ba. Kin jefar da jaka a tsakar gida kina huci. Na ce, "Ummi, lafiya?" Kika ce, "Baba, mutumin nan bai san abin da yake faɗa ba. Wai yaran da suka tashi a garin da ake harsuna da yawa ba sa ƙwarewa a ko ɗaya. Ya zo Jalingo ya gani mana!" Na ce, "Da aka tambaye ki ra'ayin marubucin fa, me kika zaɓa?" Kika ce, "Gaskiya na zaɓa."

A lokacin abu biyu suka kama ni tare. Na yi alfahari da ke, na kuma ji takaici. Na ga doyar Malam Tanko ta dawo gidana. Ke da kike cinikin nono da Fulatanci, kike gaida maƙwabtanmu da harshensu, kike karanta wa mahaifiyarki takardar asibiti da Turanci, kina da haƙƙin jin haushin wannan marubuci. Ni ma na ji. Amma ki lura: da kika ƙi maimaita maganarsa, shi bai ji komai ba, bai ma san kina duniya ba. Ke aka rubuta wa faɗuwa, kuma wanda ya ga sakamakon sai ya ce ai ga shi nan, mutumin ya yi gaskiya. Idan kina son ki ƙaryata shi, ki maimaita maganarsa daidai, ki ci jarrabawar, ki shiga jami'a, sannan ki rubuta naki littafin ki ba shi amsa da hujja. Ranar "To, ke me kika gani?" tana zuwa. Ni ban kai gare ta ba. Ke ki kai.

Kuskurena na biyu ya shafi sunayen adon harshe, kuma wannan har ke na shafa wa, domin yadda na koya haka na koya miki. Na haddace su kamar karatun allo. Ko a kasuwa aka tsayar da ni zan zuba: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, gugar zana, kowanne da ma'anarsa, ban tsallake waƙafi ba. Amma da aka ba ni baitin waƙa aka ce in nuna adon da ke ciki, sai na tsaya ina kallonsa kamar baƙon da ya sauka a tashar da bai sani ba. Na san sunayen mutanen gari duka, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Sai da na girma na gane a cikinsu na tashi. Shekarar da ruwa ya yi yawa, mahaifiyata ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Mayo Gwoi ya yi fushi bana, ya shiga gonakin mutane yana ci ba ya ƙoshi." Kogi ba shi da zuciyar fushi, ba shi da ciki. Ta ba shi halin mutum. Mutuntarwa ke nan, daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, ni kuwa ina ɗaki ina haddace ma'anarta. Mai atamfa da ya ce wa mahaifiyarki, "Hajiya, wannan har jikokinki za su ɗaura, launinta bai motsa ba," kambamawa ya yi. Da matar Baffanki ta leƙo bayan sakamakonki ya fito ta ce, "Sannunku gidan malamai, ina ƙamshin ilimi tun daga titi," kin ji zafin maganar ko da yake kalmominta yabo ne. Wannan zafin shi ne gugar zana. Shi kansa Baffanki, da a ce cewa ya yi ni kamar ƙaramin littafi nake, da kamantawa ya yi. Amma bai ce kamar ba. Ya ce ni ƙaramin littafi ne, kai tsaye, ya mayar da ni abin gaba ɗaya. Siffantawa ke nan, kuma mai kyau, na ba shi makinsa cikakke. Ki riƙe misalin, ba za ki sake rikita su biyun ba. Ashe ya taimaka wa karatunki bai sani ba.

Saboda haka ki daina haddar da na ɗora ki a kai. Kowane suna da kika koya, ki fita ki nemo shi a bakin mutane kafin rana ta faɗi. Goggonki ba ta iya faɗa da mai kayan miya ba tare da ta zuba adon harshe iri-iri ba. Ki saurare ta, ki riƙa sa wa kowanne sunansa a zuciyarki. A takardar Turanci za su zo da dogayen sunaye masu tsoratarwa. Kada su firgita ki. Mutanen nan ne da kika sani, riga kawai suka sake.

Haka maganar jigo. Idan aka tambaye ki jigo, kada ki sake ba da labarin tun daga farko, wannan aikin mai ba da labari ne. Ki tambayi kanki: bayan duk wannan tafiya, me mutumin nan yake so in tafi da shi gida? Ƙaramin littafina ya ce jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa. Saƙo, Ummi. Kalmar tana nan a gabana baƙi a kan fari, na haddace ta, na rera ta, ban taɓa haɗa ta da zauren mahaifina ba. Littafin bai yi mini ƙarya ba. Ni ne na karanta shi da baki, ban karanta da kai ba.

Wani abu kuma, tun da Zariya kika tafi, garin kakanninmu. 'Ya'yan Goggonki za su yi dariyar Hausarki, na sani, domin ni ma an yi wa tawa. Za su ce ta gauraye, su kwaikwayi yadda kike jan magana. Idan sun gyara miki, ki karɓa ki gode, ki yi amfani da gyaran a rubutu, domin mai duba takarda daidaitacciyar Hausa yake nema. Amma kada ki rufe bakinki saboda su, kada kuma ki bari su sa miki a rai cewa 'yar Jalingo ba ta cin adabi. Wanda ya tashi yana sauraron mutane iri-iri, yana lalubo abin da suke nufi ko da maganarsu ta karkace, ya riga ya fara koyon fahimta tun kafin a sa shi makaranta. Ki shiga da wannan.

Idan kuma wani ya zo miki a gefe, ko a wurin lesin ko a bakin ɗakin jarrabawa, ya ce yana da amsoshi, ki ce masa mahaifinki ya riga ya ƙi wannan a zauren yayansa, ba za ki karɓa a bakin titi ba. Faɗuwar da na yi tawa ce, da hannuna na rubuta ta. Cin da za ki yi ma ina so ya zama naki, yadda ranar da Baffanki ya zo yi mana barka zan iya kallon idonsa in miƙa masa tabarma.

Ki duba agogo bayan kowace tambaya. Kada ki zauna a kan guda ɗaya kina gina mata rumfa. Ki tafi da biro fiye da ɗaya, ki gwada kowanne a gida. Ki karya kumallo ko ba kya jin yunwa. Ki duba lambarki bayan kin rubuta ta, ki sake dubawa kafin ki miƙa takarda. Na san zan faɗi waɗannan a tasha, in kuma faɗa ta tagar mota har direba ya ce, "Alhaji, ko kai ma za ka shigo ne?" Ban damu ba. Ga su a rubuce.

Yanzu ga aikinki na farko. Idan kin gama karanta wannan takarda, ki ninke ta, ki je wurin Goggonki ki gaya mata abin da na ce. Ita ma a zauren nan ta tashi, za ta ce miki, "Maimaita." Na san ki, Ummi. Za ki so ki ce mata, "Baba dai tsoro yake ji." Kafin ki faɗa, ki buɗe takardar ki nemi layin da za ki ɗora yatsa. Na bi ta daga sama har ƙasa kafin in rufe, babu inda na rubuta haka. Abin da na rubuta shi ne na faɗa ban janye ba, kuma 'yata za ta ci da idonta da kanta. Wannan za ki kai.

Idan kin sauke shi tsaf, Goggonki ta gyara zama ta ce, "To, ke me kika gani?" a nan na ba ki izini. Ki nuna mata yadda rubutun ya karkace a wannan shafi na ƙarshe, ku yi mini addu'a ku biyu.

Allah Ya buɗa ƙirjinki, Ya daidaita idonki da hannunki, Ya kare ki daga gaggawa da mantuwa da mugun abokin shawara. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya dawo mana da ke Jalingo lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Goggonki da mutanen gidanta baki ɗaya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haladu.